Yadda Aka Yi Aka Ce Na Shiga Takaba

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci zuciya ya ɓoye ta a cikin ƙirji, ya kuma san abin da take ɗauke da shi ko da mai ita bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da mutanen gidansa.

Bayan haka, ya ku ɗiyana, na san sunan da ake kiran gidan nan da shi a bayan idonmu. Ana ce masa gidan Malam Mai Takaba. Na san kuma wasunku sun girma da ƙulli a rai game da gidan Malam Sahabi, kuna ganin limancin da kakana ya riƙe, ubana ya riƙe, ni ma na riƙe, ƙwace shi aka yi ina kwance. Don in kwance ƙullin nan na rubuta wannan babi. Ba wanda ya ƙwace komai. Ga yadda abin ya gudana.

Uwarku ta rasu bayan an gama shigar da hatsi rumbu, a kaka ta biyu bayan babbar yunwar da ta ƙare da shanun Adar. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai kuma daɗe da ita ba. Ni na yi mata salla, na tsaya bakin kabari har aka rufe, muryata ba ta yi rawa ba, mutane suka yaba. Aka yi zaman gaisuwa. Jama'a suka zo daga Tama da Karofane, har da na Buza, kowa ya durƙusa ya ce ina haƙuri, ni kuma in amsa sai godiya. Ban yi ƙarya ba a amsar nan, gwargwadon sanina a lokacin. Na shekara ashirin da wani abu ina shiga gidajen mutuwa, ina gaya wa mutane abin da Allah ya karɓa nasa ne, ina tsawatar wa mata masu kururuwa. Da abin ya zo gidana, sai na ga bai dace a ga liman ya gaza a karatun da shi yake bayarwa ba. Ana tashi daga zaman gaisuwa na shimfiɗa buzuna a zaure, na ce wa masu ɗaukar karatu su kawo littattafansu.

Ba zan yabi uwarku a nan ba, don yabon mace a bakin mijinta ba tarbiyyarmu ba ce, ko sunanta ma ban taɓa kamawa ba tana raye. Abu guda zan faɗa saboda yana cikin labarin. Ina da halin jan karatu, in na shiga mas'ala ba na ganin rana. Ita kuwa idan ta ga inuwar danga ta kai gindin rumbu, sai ta zo bayan zaure ta yi gyaran murya, kamar wadda ƙaiƙayi ya shiga wa maƙogwaro. Ba ta taɓa ce mini in tashi ba, ni ma ban taɓa nuna na gane ba, amma ina jin haka sai in rufe littafi in sallami mutane, in shiga in sha fura in kishingiɗa. Bayanta ba mai gyaran murya. Sai na riƙa karantarwa daga hantsi har a kira azahar, daga azahar har la'asar, furar da maƙwabta suka aiko tana tsami a cikin ƙwarya. Barci ma ya ƙaura. Mutanen gari suna cewa Malam ya ƙara himma.

Kafin sanyi ya wuce na fara jin nauyi a ƙirji, kamar an aza mini damin maiwa an ce in riƙe. Numfashi ya riƙa yanke mini a tsakiyar ayar da na saba kai ta ƙarshe da shaƙa guda. Ban gaya wa kowa ba, sai na koma gajerun surori. Wanda ya fara lura shi ne Mani, ladanin masallacinmu, ɗan ƙanen uwata, wato taubashina, wanda al'ada ta ba damar faɗa mini abin da ko maigari ba zai faɗa ba. Ya tare ni muna neman takalma bayan magariba.

"Liman, mi ya samu? Da in ka kama sura sai ƙahwahunmu sun kumbura. Yanzu kamin in gama gyara zariya ka yi ruku'u. Ko wata bazawara na jiranka gida?"

Na ce, "Tsofaffi irinka nika tausayi."

"Tsoho na nan gaban sahu. Kai dai ka yi aure, Liman. Gwauro ba shi da daɗin bi salla."

Ranar da abin ya fito fili wata la'asar ce a cikin bazara, lokacin cirar albasa, masallaci cike da mutanen da suka hauro daga fadama da laka a dugadugansu. Na yi sujada, na nemi in ɗago, sai na ji an damƙe mini ƙirji damƙar da ban taɓa ji ba. Hannun hagu ya mutu, zufa ta keto. Ina ji, hankalina yana tare da ni, amma kabbara ta ƙi fita. Jama'a suna bayana goshi a ƙasa suna jira. An gaya mini daga baya sun daɗe a haka, har wasu suka ɗauka addu'a nake tsawaitawa saboda mamaciya, suka ƙara nasu tasbihi. Mani ne ya ɗan ɗago kai ya saci kallo, ya ga na kife gefe guda. Malam Sahabi, wanda ya yi karatu a gabana tun gemunsa bai fito ba, yana sahun farko. Ya ɗaga murya da kabbara, ya matsa gaba, ya ƙarasa wa mutane sallarsu kamar yadda shari'a ta tanada idan liman ya gaza. Ku riƙe wannan. Farkon shigarsa gaban sahu ke nan, kuma da bai shiga ba, ni zan fara zarginsa.

Aka ɗora ni a amalanken jaki har bakin babbar hanya, daga nan wata motar albasa ta kai mu asibitin masu mishan da ke yamma da Madawa. Mani da dattawa biyu suka raka ni. Likitan Bature ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, sai wani ma'aikacinsu mai suna Istifanus, Ba'adare kamarmu amma Kirista, yake masa tafinta. Likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirjina, ya daɗe, ya yi magana. Istifanus ya juyo.

"Malam, likita na tambaya, zucciyarka na ciwo?"

A kunnena wannan ba tambayar likita ba ce. A wurinmu, in an ce zuciyar mutum tana ciwo, ana nufin yana jin haushin abin da ya same shi, bai miƙa wuya ba. Ga shi kuwa wanda ba addininmu ɗaya ba yana tambayar liman, a gaban masu binsa salla, ko yana fushi da hukuncin Ubangiji. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage na gyara zama.

"Zucciyata lahiya lau take. Ta yarda da abin da Allah ya hukunta. Haƙarƙari na, sanyi ya shige shi."

Istifanus ya mayar wa likita. Likita ya dube ni, ya sake ɗora abin saurarensa, ya girgiza kai. Na maimaita maganata da ƙarfi, dattawan da ke tsaye suka ce madalla. Sai Istifanus ya yi ɗan murmushi ya sunkuyo kusa da ni.

"Gafarta Malam, ba waccan muka tambaya ba. Waccan tsakaninka da Mai Sama ta, ba mu da abin auna ta. Tsokar muka nuhi, wadda mahauci ya sani."

Mani ya yi dariya har sai da aka ce ya fita, amma ya ƙi. Likita kuwa ya kama kalmar hukunci da na faɗa, ya sa aka tambaye ni wane hukunci nake nufi, wa ya rasu. Mani ya riga ni amsawa, ya ce uwargidana ce, a kakar da ta wuce. Likita ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da yake tsammani, ya yi doguwar magana, Istifanus yana kawowa guntu-guntu.

"Ya ce ba kai na hwarko ba, suna ganin hakanga. Miji ya rasu ko mata, wanda anka bari sai tsokar ga ta raunana cikin watannin da ka biyowa, balle in ba shi ci, ba shi barci, kuma ya ƙulle abin ciki. Ya ce baƙin ciki kaya na, awa buhu, kuma tsokar ga ita ka ɗaukar shi. Wani shi tashi, wani shi bi mamacin nashi. Za a ba ka magani, a rage maka gishiri, amma babban magani hutu na. Ba karantarwa, ba tsayi gaban jama'a. In ka koma yadda kake, ya ce ba shi sa ran ka ga girbi."

Na yi kwanaki a wurinsu, sun kula da ni kulawar da ban manta ba. Na karɓi ƙwayoyinsu, amma maganar na bar ta a can. A ganina mutum ba ya mutuwa sai kwanansa ya ƙare, kuma in zai ƙare, gaban sahu ya fi kan tabarma.

Na dawo gida na tarar da yayata Hajo ta zo daga wajen Azarori, inda take zaune wurin ɗanta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni, kuma ta binne mazaje biyu. Washegari an kira azahar ina naɗa rawani, sai ta zo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafafunta daga wannan gefen ƙofa zuwa wancan.

"Ina zuwa, Auta?"

"Masallaci, Yaya."

"To tsallake ni."

Kun san ba a tsallake ƙafar babba. Na tsaya da rawani rabi a kai rabi a hannu.

Ta ce, "Ni na yi takaba so biyu. Dut so biyun na shiga awa gawa, na hito da ƙahwata. Ka san dalili? An ce in zamna, na zamna. Ba mai ce min tashi ki yi hira. Na yi kukana hal ya ƙare don kainai. Ku maza kwana ukku anka ba ku, su ma kun ɓata su wurin amsa gaisuwa."

Na ce, "Yaya, takaba hukuncin mata ta. Ba a ɗora ma namiji ita ba, kuma wanda ya ɗora ma kainai ibadar da ba a shar'anta ba ya yi bidi'a."

"Ni ban yi karatu ba. Amma hwaɗa min, marar lahiya, an ce dole shi ja salla?"

"Ba a ce ba."

"An hana shi zama ɗaki?"

"Ba a hana ba."

"To kira shi abin da kaka so. Cire rawanin ga."

Har yau ina kan cewa Hajo ta yi kuskure a suna. Takaba idda ce, tana da hukunce-hukuncenta, kuma ni ban yi ta ba: ban bar turare ba, ban bar farin tufa ba, ban ƙulla niyyar wata ibada ba. Jinya na yi, shari'a kuwa ta ɗauke wa majinyaci abin da ya fi ƙarfinsa. Amma na cire rawanin. Ta sa aka buɗe ɗakin uwarku, wanda yake rufe tun ranar da aka fitar da ita, ta share shi, ta ce a nan zan kwanta don ya fi iska. Ƙarya take, bai fi ba. Tana dafa mini tuwo da miya lami, in na yi ƙorafi ta ce Bature ya faɗa. Kullum da hantsi ta ɗauko abu ɗaya daga kayan ɗakin, ƙwarya ko tasa ko zane, ta ajiye a gabana ta ce wannan daga ina ya fito, wa ya kamata a ba. Dole in buɗe baki in ce wannan uwarta ta ba ta, wannan ni na sayo a kasuwar Madawa shekarar da aka haifi wane. Da haka ta riƙa jawo maganar da na haɗiye. Ranar da ta fito da mazari, da zare a jikinsa rabi, da sauran audugar da ba a kai ga kaɗawa ba, na buɗe baki in amsa, sai wani abu dabam ya fito. Ba zan siffanta shi ba. Hajo ta tashi ta saki asabari ta zauna a waje tana tsince wake, duk wanda ya yi sallama ta ce Malam yana bayan ɗaki. An ce ranar mutum biyar suka zo suka koma suna mamakin daɗewata. Na yi barci bayan nan har la'asar ta kusa fita, barcin da rabona da irinsa tun kaka.

A zaman nan na tuna sau nawa na karantar da ƙissar Annabi Yaƙubu, yadda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin ɗansa, alhali shi ne ma'abucin kyakkyawan haƙuri. Na sha fassara wannan ga mutane, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, in haƙuri yana hana jiki lalacewa, me ya taɓa idon annabi? Ashe bawa yana iya yarda da hukunci yarda ta gaskiya, tsokarsa kuma tana nan tana ɗaukar kayanta.

Gari kuwa ba ya bin bambancin malamai. Sun ga namiji ya shiga ɗakin matarsa ya zauna, tsohuwa tana tsaron ƙofa, sai matan bakin rijiya suka ba abin sunan da suka sani. Mani ne ya kawo mini shi har gida, ya leƙo ta kan danga.

"Gaisuwa ga mai takaba! Ran hita a kawo lalle, ko kina da saura?"

Hajo ta jefe shi da muciya. Amma sunan ya riga ya zauna.

Ana gab da Sallar Layya maigari ya zo da dattawa, suka zauna a ƙofar ɗakin. Bayan gaisuwa maigari ya ce gari ba ya zama da liman na aro. Mutane suna tambaya wa zai hau idi, wa zai fara yanka su bi. In zan iya fitowa, wurina yana nan, ba mai ja. In ba zan iya ba, to in faɗa, su san abin yi. Bai matsa mini ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ni kuwa na san inda nake. Kwana kaɗan kafin nan na gwada tafiya zuwa bakin rijiya, sai da na zauna a hanya, ƙirji yana bugawa kamar ana sussuka a ciki. Ina iya fitowa idi, wataƙila in kai ƙarshen huɗuba, wataƙila in ja salla wata guda ko biyu, a binne ni da sunan liman ɗan liman, ba wanda zai ƙara ambaton takaba. Babbanku a lokacin yana karatu a Sakkwato, bai kai a ba shi gari ba. Ke kuwa Ramatu ba ki fi turmi tsawo ba, kina zaune bayan Hajo kina kallon baƙi. Na ga maraicin uwa ya ishe ku.

Na ce, "Ku naɗa Sahabi. Ba aro ba, naɗi."

Maigari ya ce, "Malam, ka san in limanci ya hita gidan ga ba shi komowa."

"Na sani."

Da yamma Malam Sahabi ya zo ya durƙusa, ya ce shi ba zai karɓa ba ina raye, a bar shi na'ibi har in warke. Na ce masa gari ya riga ya faɗi ba ya son aro, kuma ni ban san ranar warkewata ba. Na sa Hajo ta ɗauko sandar huɗuba ta ubana daga bayan gado, na miƙa masa da hannuna. Sai da na tsawata masa kafin ya karɓa. Wanda duk ya gaya muku an shigo an ɗauke sandar nan ina barci, ko bai sani ba ne ko yana son ɓata tsakani.

Abin ya ci mini abin da ya ci. Masu ɗaukar karatu suka koma zaurensa, don karatu ba ya jiran majinyaci. Dammunan hatsin da ake kawowa gidan liman bayan girbi suka sauya ƙofa, kun kuma san shekarun da muka yi a ƙuntace. Aka riƙa ɗaura aure da raɗa suna a garin da aka haife ni, ba a jira isowata. Sunan nan kuma ya bi ku har makaranta, na san wasunku sun yi dambe a kansa. Ban ce ba ku da hakkin jin zafi ba. Amma ku san ni na saya muku shi, kuma na san farashinsa tun kafin in saya. Na koma asibitin nan sau da yawa a shekarun da suka biyo, Istifanus yana ganina ya ce yaya tsoka, Malam, in ce tana godiya. Ba ta koma yadda take ba, amma ga ta, ta kawo ni har na ga jikoki.

A waccan shekarar kuwa, sai da damina ta zauna, hatsi ya kai gwiwa, na ji ƙafata ta iya kai ni masallaci. Na fita sallar azahar a hankali, ina dafa bango. Da na shiga mutane suka dare. Malam Sahabi yana gaba, yana ganina ya ja da baya, ya nuna mini wurin da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Kowa yana jiran ya ga abin da zan yi. Na dafa kafaɗarsa na mayar da shi inda yake. Mani ya matso kusa da kunnena, amma ya yi magana da muryar da sahu uku suka ji.

"An hita ke nan? To ina zawarawa, ko ba a samu ba?"

Na ce, "Ta da iƙama, Mani, mutane na jira."

Ya ta da iƙama. Na shiga sahu tsakanin wani makiyayi da wani manomin albasa da ban ma san sunansa ba. Aka ce a daidaita, suka matso daga dama da hagu har kafaɗunsu suka haɗu da nawa. Sai a lokacin na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Liman shi kaɗai yake tsayawa. Shekara ashirin da wani abu ina salla cikin jama'a, kafaɗar kowa ba ta taɓa tawa ba. Malam Sahabi ya yi kabbara, na bi shi.